Gani Ya Kori Ji: Babur, Ɗari Da Dusar Ƙanƙara A Dutsen Tubkal

Waɗanda suka aiko suna tambayar dalilin da ya sa ba su ji ɗuriyarmu a fitowar watan jiya ba, muna ba su haƙuri. Tafiya ce ta kama mu, kuma tsarabarta muka kawo muku yau.

Tushen maganar ya daɗe. Shekaru goma sha bakwai da suka wuce, muna koyar da 'yan ajin ƙarshe na firamare a nan Ngaundere, wata rana muka zana duwatsun Atlas a allo, muka goga farin alli a kawunansu, muka ce wa yara wannan ita ce dusar ƙanƙara. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kai ka taɓa ganinta da idonka?" Muka yi abin da malami yakan yi idan an ƙure shi, muka ce ya zauna ya kwafi abin da ke allo. Yaron nan ya girma, ya sami tallafin karatu zuwa Maroko, ya gama, ya kama aiki a birnin Marakesh, har ya yi iyali a can. Da aka yi masa haihuwar fari dab da hutun Disamba, sai ga tikitin jirgi ya aiko mana, da ɗan gajeren saƙo: "Malam, ka zo suna, kuma ka zo ka amsa tambayata."

Bayan an watse daga suna da kwana biyu, ya ce mu shirya, za mu Tubkal. Wannan dutse shi ne mafi tsawo a duk arewacin Afirka, mita 4,167, yana kudu da Marakesh kilomita sittin da 'yan kai. Dutsen Kamaru namu da ke Buya shi ma ya haura mita 4,000, amma saboda kusancinsa da tsakiyar duniya dusar ƙanƙara ba ta zama a kansa. Tubkal kuwa yakan kwashe watannin sanyi yana lulluɓe da ita, har daga cikin birni ana hango farinsa idan gari ya washe.

Ɗalibin namu yana da babur ƙarami mai lamba 125, irin dai na 'yan acaɓanmu, ya kuma aro mana na abokin aikinsa. Da ya kawo mana wando biyu, riga uku, safar hannu mai kauri da hular kwano mai gilashi, sai muka yi dariya. Muka ce shekara ashirin muna hawa babur da asuba cikin hunturun Adamawa, wane sanyi kuma za a nuna mana? Bai ce komai ba, ya dai ajiye kayan a kan gado. Albarkacin kunya muka saka, kuma Allah ya taimake mu da muka saka.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne rana. Agogonsu da namu ɗaya ne a lokacin, amma a nan gida ƙarfe shida da 'yan mintoci gari ya waye, can kuwa sai bayan ƙarfe takwas rana ta leƙo. Muka bar gari ƙarfe tara, muka bi hanyar Tahanawut. Kafin mu yi kilomita ashirin yatsunmu sun fara zugi cikin safar. Dalilin kuwa a fili yake, mun sha koyar da shi ba mu taɓa ɗanɗana shi haka ba: iska mai gudu tana kwashe ɗumin jiki da sauri. Idan ma'aunin zafi ya nuna digiri 5, mai tafiya a babur da gudun kilomita 60 a awa yana jin abin kamar digiri 2 ne ƙasa da sifili. Sau uku muna tsayawa muna ɗora hannuwa kusa da inji don su dawo hayyacinsu.

Bayan Tahanawut hanya ta shiga kwazazzabon Mulai Ibrahim, dutse a dama, rami mai zurfi a ɗaya gefen, kwana bayan kwana. Wannan yanki ne girgizar ƙasa ta ranar 8 ga Satumba 2023 ta ɗaiɗaita, mai ƙarfin maki 6.8, wadda ta hallaka mutane kusan 3,000. Mun ga sababbin gidajen siminti a tsaye kusa da tarin ƙasar tsofaffin, mun kuma ga mutane suna ta harkokinsu. A garin Asni, inda kasuwa take ci ranar Asabar, muka sha shayin na'ana'a mai zafi da gurasa, sa'an nan muka karkata hagu, saura kilomita 17 zuwa Imlil.

A nan ne muka biya kuɗin makaranta. Akwai wata kwana da inuwar dutse ba ta barinta sai rana ta yi sama sosai. Ruwa ya tsiyayo daga gefe ya ratsa kwalta da dare, ya daskare ya zama kamar gilashi. Ido ba ya bambanta shi da jiƙaƙƙiyar kwalta. Ɗalibinmu, wanda yake gaba, ya sassauta tun daga nesa, ya sauke ƙafafu, ya wuce a miƙe ba tare da ya taɓa birki ba. Mu kuwa gwanaye, da muka ga kwana sai muka matse birkin gaba kamar yadda muka saba. Kafin mu ce kwabo mun ga sama a inda ƙasa take. Allah ya taƙaita, gudun kaɗan ne: madubi ya fashe, gwiwa ta ƙuje, hular kwano ta ɗauki bugun da kai zai ɗauka. Yaron ya rugo ya ɗaga mu yana ta "Sannu Malam, sannu Malam." Wani dattijo mai alfadari da ya ga abin ya nuna kwaltar da sandarsa, ya girgiza kai, ya wuce. Ba mu jin yarensa, amma mun fahimci karatun.

Imlil ƙauye ne a cikin kwari, mita 1,740 sama da teku, kewaye da gonakin tuffa da aka sassaƙa a jikin dutse hawa-hawa. Mutanen wurin Amazigawa ne, waɗanda littattafai suke kira Barbar, harshensu dangin na Buzaye ne. A nan kwalta ta ƙare, muka jingine babura a gidan da muka sauka. A nan kuma ake ɗaukar jagora, domin tun bayan da wasu miyagu suka kashe 'yan mata biyu masu yawon buɗe ido kusa da wurin a Disamban 2018, ɗaya 'yar Denmak ɗaya 'yar Norwe, hukuma ta hana baƙo hawa shi kaɗai, kuma jandarmomi suna duba fasfo a hanya. Jagoranmu sa'anmu ne, siriri, marar yawan magana, yana jin Faransanci. Ya dubi takalmanmu ya ce ba za su yi ba. Ya kai mu shagon haya, aka ba mu manyan takalma, da wasu ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura musu a ƙasa don su ciji ƙanƙara, da ɗan gatari mai dogon ƙota, da baƙin tabarau. Muka tambayi amfanin tabarau a lokacin sanyi. Ya ce farin ƙanƙara yana mai da hasken rana cikin ido, wanda ya yini a kanta ido tsirara yakan kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi.

Washegari muka kama hanya a ƙafa, alfadari yana ɗauke da jakunkuna. Muka wuce ƙauyen Armud, muka tsallaka faffaɗan rafi mai tsakuwa, muka fara hawa. Wajen mita 2,350 akwai wurin da ake kira Sidi Shamharush, inda wani ƙaton dutse da aka shafa wa farar ƙasa yake, da 'yan rumfunan shayi. Gaba kaɗan muka taka ta. Jama'a, ba za mu ɓoye muku ba, mun tsuguna mun ɗebe ta da hannu kamar ƙaramin yaro. Ba ta da nauyi, kamar garin rogo mai laushi, idan ka dunƙule ta sai ta kama jikinta, idan ka taka ta sai ta yi ƙara ƙuras-ƙuras. Daban take da ƙanƙarar da takan faɗo mana da damina kamar tsakuwa, daban take kuma da ta firiji. Ɗalibinmu ya tsaya yana kallonmu yana murmushi, bai ce uffan ba.

Inda ta yi zurfi alfadari ya tsaya, domin ƙafarsa ba ta iya ta, kowa ya saɓa jakarsa. Awa shida muka yi kafin mu isa masaukin masu hawa, ginin dutse a mita 3,200. A nan lissafin da muke ba yara ya fito fili: duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5. Shi ya sa mai tasowa daga Garwa yakan nemi rigar sanyi idan ya hawo Ngaundere. Tsakanin Marakesh da ƙololuwar Tubkal akwai wajen mita 3,700, wato bambancin digiri 24 ke nan. Ruwan alwala sai da aka ɗuma mana, wanda muka bari a gora kusa da taga kuwa ya kwana ya zama dutse.

Da dare muna zaune gefen murhu, muka nuna wa jagora iliminmu, muka ce mun karanta cewa a 1923 wasu Turawa uku suka fara kaiwa ƙololuwar dutsen, kuma a 1942 aka mai da yankin gandun da gwamnati take karewa. Ya ce haka ne, a 1923 aka fara rubutawa. Sa'an nan ya yi mana bayanin da ya fi namu amfani. Ya ce wannan farin abu da baƙi suke zuwa ɗaukar hoto, su rumbun ruwansu ne. Yana taruwa da sanyi, ya narke sannu a hankali da bazara, ya gangara rafuka ya shayar da tuffa da sha'ir da zaitun har filayen Marakesh. Shekarar da dutse bai yi fari ba, manomi ya san me ke jiransa. Ya tuna mana cewa fari na shekaru a jere ya rage musu dabbobi har a 2025 Sarki Muhammadu na Shida ya nemi jama'a su haƙura da yanka ragon layya. Nan take muka tuna da tudunmu na Adamawa, inda Binuwai da Sanaga suke samo ruwansu, da yadda muke ta sare itatuwansa muna gawayi.

Barci bai samu ba a daren nan. Kai yana sara, zuciya tana bugawa kamar mun yi gudu. Mun sha maganin ciwon kai, ba mu gaya wa kowa ba, kuma wannan shi ne kuskurenmu na biyu. Ƙarfe shida muka fita cikin duhu, kowa da tocila a goshi. Hawan farko miƙe yake kamar tsani. Taku goma, a tsaya a huta, taku goma, a tsaya. A irin wannan tsawo, numfashi ɗaya yana ba mutum kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na abin da yake samu a bakin teku a Duwala. Babu ruwan wannan da ƙarfin mutum ko ƙuruciyarsa, ɗan ƙwallo ma yana iya kamuwa.

Rana ta fito muna dab da wuyan dutsen, wanda suke kira Tizi, sama da mita 3,900. Daga nan ana hango dala ta ƙarfe da aka kafa a ƙololuwa, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. A nan muka yi amai. Jagora ya juyo, ya ja layi a ƙanƙara da gatarinsa, ya ce mu bi shi, dugadugi a gaban yatsu. Taku na uku muka yi tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu. Ya ce, "Ustaz, nan ne ƙarshen hawanka. Za mu sauka yanzu."

To, a nan ne abin kunya ya faru, kuma don shi muka rubuta wannan maƙala. Mun yi gardama. Mu da muke tsawata wa yara kan taurin kai, muka tsaya muna roƙon mutumin da ya fi mu sanin dutsen ya bar mu mu ƙarasa. Abin da ke ranmu a lokacin shi ne ɗakin malamai: me za mu ce wa abokan aiki, waɗanda muka riga muka cika wa baki ta waya? Jagora ya ce abin da ya rage siririyar hanya ce, gangare mai santsi a gefenta, mai tangaɗi ba ya bin ta, kuma ciwon tsawo idan ya kai ga tangaɗi alama ce ta taɓa ƙwaƙwalwa, maganinsa ɗaya ne, sauka. Muka dubi ɗalibinmu muna neman goyon baya. Ya rusuna kaɗan, kamar yadda yakan yi tun yana yaro, ya ce, "Malam, ni tambayata ita ce ko ka taɓa ganinta. Ga ta nan har ƙwaurinka. Ban ce sai ka kai ƙarshen dutse ba. Kuma ni na ɗauko ka daga hannun iyalinka, ni zan mai da ka."

Muka juya. Shi ma ya fasa, alhali lafiyarsa ƙalau. Kafin mu kai masauki ciwon kan ya ragu, kafin mu kai Imlil da yamma ya tafi kamar an cire ƙaya. Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma gaskiya mu ba da son ranmu muka ja ba, jan mu aka yi, kuma muna godiya ga waɗanda suka ja mu.

Kwana biyu kafin mu dawo gida, a wata mahaɗar titi cikin Marakesh, muka ji wani saurayi yana waya da Fulatanci yana haɗawa da Hausa. Muka yi masa sallama, ashe ɗan arewacin ƙasarmu ne. Acaɓa yake yi a da, ya sayar da babur ɗin ya ratso sahara, yana jiran ya tara kuɗin tsallaka teku. Riga ɗaya ce a jikinsa da takalmin roba. Ya ce wani abokinsa ya gaya masa ta waya cewa idan an shiga Turai, ko an tare hanya, ana bin dutse da dare a ƙafa daga Italiya zuwa Faransa, 'yan awoyi ne kawai. Wannan hanya gaskiya akwai ta, ta wajen garin Briyanson a duwatsun Alps, kuma shekaru ke nan ana tsinto 'ya'yan Afirka a cikinta, wasu an yanke musu yatsu, wasu sai bayan ƙanƙara ta narke ake ganin gawarsu. Muka gaya masa abin da muka gani: mu da takalman haya, da riga uku, da jagora, da abinci a ciki, da rana tsaka, dutse ya mai da mu. Ya saurara cikin ladabi, ya ce, "Baba, na ji. Amma in na koma yanzu me zan ce a gida?" Sai jikinmu ya yi sanyi, domin maganar da muka yi wa jagora ke nan a wuyan Tubkal, ba a canza ko harafi ba.

Mun ba shi rigar sanyin da aka ba mu, mun karɓi lambar yayansa. Ba mu isa mu ce mun juya shi ba. Amma muna kira ga iyaye da 'yan'uwa da masu unguwanni, daga Birkitiri ta Yawunde har New Bell ta Duwala da Garwa da Marwa: idan ɗanku ya tafi ya dawo hannu rabbana, ku tare shi da ruwan sha da barka da zuwa. Gori da habaici a majalisa su ne suke sa yaro ya gwammace ya ci gaba ko da ya ga halaka a gabansa. Da yawansu sun san hanyar ba ta ɓullewa, kunyar komowa ce take tura su.

Ga kuma 'yar tsaraba ga 'yan acaɓanmu da duk mai sammako a babur cikin hunturun nan. Riguna marasa kauri guda uku sun fi ƙatuwa ɗaya riƙe ɗumi, ta waje ta zama mai tare iska. A rufe wuya da ƙirji, a sa safar hannu, domin sandararrun yatsu ba sa kama birki a kan lokaci. Hular kwano ba don jandarma ake sa ta ba, tamu tana nan da tabon kwalta, duk mai so ya zo ya gani. A wurin santsi, ko laka ce ko yashi ko man da ya zube, a rage gudu tun kafin a shiga, kada a damƙe birkin gaba a tsakiyar kwana. Wanda sanyi ya kashe wa yatsu kada ya kara su a wuta, kada a murza su da ƙarfi, a tsoma su a ruwa mai ɗumin jiki har su farfaɗo. Iyayenmu mata kuma, don Allah kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Da aka koma makaranta mun sake zana duwatsun Atlas a allo, wannan karon da hotuna a hannu. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ka kai har can saman?" Muka ce a'a, saura kimanin mita 200 muka juyo, muka kuma gaya musu dalili. Sa'an nan muka ba su aikin gida: idan zafin Marakesh digiri 18 ne, nawa zai kasance a ƙololuwar Tubkal? Masu karatu ma ga fili, duk abin da ake bukata yana cikin wannan maƙala, kuma za mu buga sunan wanda ya fara aiko da amsa daidai.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu koma kan batun iyayen da suke cire yara daga aji a tsakiyar zango don tsaron shago. Kafin nan, a gai da iyali, a kuma lulluɓe yara da kyau. Wassalam.